Afyun da Makarɓansa a Jikin Ɗan Adam

Tun zamanin da mutanen Farisa da Masar suke tsaga ƙwallon furen hashhash, suna tara farin ruwan da ke tsattsafowa har ya daskare ya yi duhu ya zama afyun, masana ɗibbu sun san afyun yana kashe raɗaɗi, yana jawo barci, yana tsai da gudawa. Har Ibn Sina, wanda ya rasu a Hamadan a 1037, ya ambace shi cikin littafinsa Alƙanun, tare da gargaɗin cewa in aka ƙetare miƙdari sai ya rikiɗe ya zama guba. Sai a farkon ƙarni na 19 ne wani matashi mai harhaɗa magunguna a Jamus, Friedrich Sertürner, ya tsamo morfin daga cikinsa. A 1832 Pierre Robiquet ya fitar da kodin a Faransa, a 1898 kuwa kamfanin Bayer ya kai hiroyin kasuwa da sunan maganin tari.

Duk da haka hikimar aikin ta ci gaba da ɓuya har 1973, lokacin da Candace Pert da Solomon Snyder, a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, tare da wasu masana a New York da Uppsala, suka tabbatar da cewa a jikin ƙwayoyin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka akwai makarɓa na musamman, waɗanda morfin ke shiga kamar yadda mabuɗi ke shiga kwaɗo. Nan tambaya ta taso: don me Mahalicci zai tanadi makarɓa domin ruwan wani fure? A 1975 John Hughes da Hans Kosterlitz, a Aberdeen, suka gano cewa jiki da kansa yana ƙera sinadaran rage zafi, waɗanda su ne asalin masu waɗannan makarɓa.

Makarɓan nan iri uku ne mashahurai, ana kiransu mu da delta da kappa, kuma a na farkon fa'ida da illa suka haɗu, domin shi ne ke danne saƙon ciwo ya sanya nishaɗi, shi ne kuma, a gindin ƙwaƙwalwa inda ake sarrafa numfashi, ke rage shaƙar iska har mai yawan sha ya halaka. In an daɗe ana sha, makarɓan sukan saba, sai an ƙara miƙdari; in an yanke farat ɗaya, sai hamma da gumi da ciwon gaɓoɓi da gudawa su taso. Maganin naloksan, wanda ke ture ƙwayar daga makarɓin, yakan ceto numfashi in an gaggauta.

Kodin, da Nijeriya ta haramta sarrafa maganin tari mai ɗauke da shi a 2018, da tramol da ya addabi samarinmu, duk ta makarɓin nan na farko suke bi. Saboda haka wanda ya kamu da jarabar shansu maras lafiya ne. Iyaye su kai shi ga likita, kada su tsaya ga zagi da ɗauri.