Garau: Kalmar da Ke Zuwa Bayan Gurɓata

A yankin Basunda na jihar Gadarif, gab da iyakar Sudan da Habasha, ƙasa baƙa ce mai danƙo, irin wadda dawa da riɗi ke so. Da damina ruwan sama yana taruwa a hafir, wato tafkin da aka haƙa don tanadin rani. Wanda ya ɗebo shi a bokiti ba ya ganin gindin bokitin. Sai an zuba a randa, an jefa alif, laka ta kwanta, sannan uwargida ta leƙa ta ce ya yi garau.

Hausawan Gadarif, jikokin mahajjata da na waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, sun gaji kalmar daga kakanni. Masana nahawu suna sa ta cikin amsa-kama, ajinsu ɗaya da fat, wur da ƙirin. Sai dai waɗannan kowacce da launin da take bi: fari fat, ja wur, baƙi ƙirin. Garau kuwa ba ruwanta da launi. Aikinta ta shaida cewa wani abu da ya tare ya kau.

Shi ya sa ba a cewa fitila ta yi garau. Ita haske take yi tar. Amma in hadari ya watse, gari ya yi garau. Tsohon da aka cire wa yanar ido yana gani garau. Majinyacin da zazzaɓin cizon sauro ya sake shi ma cewa yake ya ji garau, kamar jikinsa randa ce da ta kwanta.

Larabcin Sudan ya bi hanya makamanciya. Zogale a can ana kiransa shajarat al-rawwaƙ, bishiya mai tace ruwa, domin mata a ƙauyukan bakin Nilu sun daɗe suna daka ƙwayarsa su zuba a ruwa mai laka. Samia Al Azharia Jahn ta yi bincike a kan wannan dabara, ta fitar da littafi a 1981. Sinadarin ƙwayar ne ke kama ƙurar laka, ya dunƙule ta, ta nitse. Ido dai ba ya ganin ƙwayoyin cuta, don haka ruwa garai-garai ma yana bukatar tafasa.

Garau-garau ta Kano, shinkafa da wake da mai da yaji, wani zance ne daban. Baƙon da ya nemi ruwa garau-garau a Fagge, da cokali za a kawo masa.