Burt Munro da Babur Ɗinsa a Filin Gishiri

A watan Agusta na 1967, wani dattijo mai shekara 68 ya kwanta rubda ciki a kan babur mai shekara 47, ya keta filin gishirin Bonneville na jihar Utah a Amurka da gudun da ya haura kilomita 295 a awa guda. Sunansa Burt Munro, mutumin Invercargill, wani gari mai sanyi da iska a can ƙarshen kudancin ƙasar New Zealand. Ba kamfanin da ya ɗauki nauyinsa, ba ayarin injiniyoyi a bayansa. Babur ɗin kuwa ranar da ya fito daga masana'anta, iyakar ƙoƙarinsa kilomita 89 ne a awa.

An haife shi a 1899, ya tashi a gidan noma. A 1920 ya sayi babur ƙirar Indian Scout, wanda ake ƙerawa a garin Springfield na Amurka, mai inji cc 600. Ya yi aikin leburanci, ya yi tseren babur a Ostireliya, ya dawo gida ya yi tallan babura da kanikanci. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aurensa ya mutu, sai ya tattara ya koma wani ɗan gareji da ya gina, nan ne makwancinsa, nan ne wurin aikinsa. Daga nan dare da rana suka zama ɗaya a wurinsa.

Abin da ya riƙa yi a cikin wannan gareji shi ne ainihin labarin, kuma shi ne ya fi kama ni. Munro ba shi da kuɗin sayen kayan tsere, ko da ma yana da su, kamfanin Indian na asali ya daina ƙera babura a 1953. Saboda haka duk abin da injin ke bukata, shi yake ƙera shi. Fistin, sai ya tara tsofaffin fistin na motoci ya narke su, ya zuba a tsohon gwangwani, ya huce, ya fere. Sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, wadda ita ke shan duk wahalar inji, daga ƙarfen aksul na katafila ya sassaƙo ta, yana gurza da magagari har tsawon watanni. Cikin silinda kuwa da tsohon bututun gas na ƙarfe ya yi shi. Tayoyi ma bai ƙyale su ba: yakan sa wuƙa ya yanke zanen da ke jikinsu, don su yi sumul su rage nauyi.

Babban sauyin da ya yi shi ne na bawul. Scout na asali bawul ɗinsa a gefen silinda suke, iska da mai sai sun yi kwana kafin su shiga, hayaƙi ma sai ya yi kwana kafin ya fita. Munro ya ƙera sabon kan inji, ya mai da bawul ɗin sama, injin ya samu numfashi. Ya kuma yi ta faɗaɗa silinda shekara bayan shekara, daga cc 600 zuwa 850, har ya kai 950. Kowane ƙari da nasa farashin. Inji ya ƙara ƙarfi, fistin ya kasa ɗauka, ya fashe. A bakin teku na Oreti, kusa da garinsu, inda yashi ke da tauri idan ruwa ya janye, nan yake gwaji, nan kuma injin ya sha tarwatsewa. Fistin da suka fashe ba ya zubar da su. Jera su yake yi a kan kanta, ya ɗauko ya duba inda ƙarfen ya tsage, ya gane abin da zai gyara a na gaba. Ni a ganina wannan kanta ta fi duk takardun yabon da aka ba shi bayyana irin mutumin da yake, domin ilminsa na injin nan gaba ɗaya daga ɓarna ya tsinto shi.

Da ya kafa tarihi a gida, sai hanyoyin New Zealand suka yi masa kaɗan. Idonsa ya koma Bonneville.

Wannan wuri busasshen tafki ne na zamanin da, shimfiɗaɗɗen gishiri fari fat, iya ganinka, ba bishiya ba tudu. Tun da daɗewa masu neman gudu suke taruwa a nan. A 1935 Baturen Ingila Malcolm Campbell ya haura kilomita 480 a awa da motarsa Blue Bird. A 1965 Ba'amurke Craig Breedlove ya wuce kilomita 960 da mota mai injin jirgin sama, wadda ƙararta kaɗai ke girgiza ƙirjin mutum daga nesa. Duk watan Agusta kuma akwai makon gudu, inda motoci masu manyan injuna ke cika wurin da ruri tun asuba. Dokar kafa tarihi ba ta da sassauci: gudu ɗaya ba ya isa, sai ka yi biyu, a haɗa a raba. A wancan zamani akan ja wani baƙin layi a kan gishirin, shi kaɗai ne jagoran mai tuƙi.

A 1962, yana da shekara 63, ga ciwon zuciya yana damunsa, Munro ya sa babur ɗinsa a jirgin ruwa ya tsallaka tekun Fasifik, ya sayi tsohuwar mota a Amurka ya ja shi zuwa Utah. Ya lulluɓe babur ɗin da wani dogon kwanso mai siffar kifi don ya riƙa tsaga iska. A ciki yake cusa kansa, gwiwa a naɗe, salansa na gasa masa ƙafa, birki kuma ba wani na kirki ba. Tsofaffin 'yan tsere na wurin, irin su Rollie Free da Marty Dickerson, suka ga abin da dattijon nan ya ƙera da hannunsa, suka tsaya masa. Free ɗin nan ba ƙaramin gwani ba ne, shi ne wanda a 1948 ya tuɓe ya bar ɗan kamfai kaɗai ya miƙe a kan babur Vincent don iska kada ta ja masa tufafi. A wannan shekara ta 1962 Munro ya yi kilomita 288 a awa, ya kafa tarihi a ajinsa. Ya sake kafa wani a 1966.

Sai 1967. A gudun neman cancanta agogo ya nuna mil 190.07, wato kusan kilomita 306, gudu mafi girma da aka taɓa rubuta wa babur ƙirar Indian a hukumance zuwa lokacin. A gudun tarihi kuma aka ba shi mil 183.586 a ajin babura masu kwanso da ba su kai cc 1,000 ba. Shi da bakinsa ya ba da labarin wani gudu na wannan shekara da ya kusa zama ajalinsa. Ya wuce tsakiyar fili sai babur ya fara rawa, yana karkata hagu da dama. Don ya rage gudu sai ya ɗago jikinsa daga cikin kwanson. Iska ta fizge masa tabarau, ta danna masa idanu, ya daina ganin komai. Ya kauce wa baƙin layin, ya wuce wani turken ƙarfe da ƙyar, sannan ya kwantar da babur ɗin a ƙasa. Ya tashi da ƙujewa kawai.

A 1977 ya samu bugun jini, ya san tsere ya ƙare. Ya sayar da baburansa ga abokinsa Norman Hayes, kuma Scout ɗin yana nan a kantin kayan ƙarfe na E Hayes and Sons a Invercargill, inda mai sayen ƙusa zai iya tsayawa ya kalle shi. Munro ya rasu ranar 6 ga Janairu, 1978. A 2005 Roger Donaldson ya fito da fim ɗin The World's Fastest Indian, Anthony Hopkins ya fito a matsayinsa. Fim ɗin ya cure tafiye-tafiye da dama ya mai da su ɗaya, amma ya sa duniya ta san shi, kuma tun 2006 ake shirya gasar babura da sunansa a yankinsu.

A 2014, shekara 36 bayan rasuwarsa, ɗansa John ya zauna da takardar tarihin 1967, ya sake haɗa gudun biyu ya raba, sai ya ga an yi kuskuren lissafi. Ya kai maganar gaban ƙungiyar masu babura ta Amurka, suka duba, suka amince, suka fitar da sabuwar takarda mai ɗauke da mil 184.087, wato kilomita 296 da ɗoriya a awa.