Mai ciki a ɗakin gwaji: kada ki jira ciki ya fito

'Yar'uwa, da ke nake. Ke mai gwajin jini a Tudun Wada ko Kiru. Ke malamar kimiyya a sakandare a Bebeji. Ke ɗalibar da aka turo koyon aiki Doguwa. Kin yi ɓatan wata? To tsaya. Ajiye kwalbar nan tukuna.

Na san halinmu. Ciki ba a faɗa, balle na fari. Ga kunya, ga tsoron baki. Sai ya turo riga sannan a sani. Amma guba ba ruwanta da kunya. Kimanin kwana 22 da shigar ciki, zuciyar ɗanki ta soma bugawa. Zuwa kwana 28, abin da zai zama ƙwaƙwalwa da laka ya haɗe. Cikin mako 8 an kafa gaɓoɓi. Ke kuma a lokacin kina ina? Kina tsaye cikin ɗaki mai taga ɗaya, babu wuta, fanka a tsaye, warin fomalin na yi miki yaji a ido.

Kina jiran hutun haihuwa? Mako 12 ɗin da dokar ƙwadago ta ba ki a ƙarshe suke zuwa. Haɗarin kuwa a farko ya fi yawa.

Kada ki ce ai lafiyarki ƙalau. A Minamata ta Japan, inda cutar zaiba ta bayyana a 1956, uwaye da yawa ba su ji wani ciwo mai tsanani ba, amma suka haifi 'ya'ya masu lalurar ƙwaƙwalwa. Mahaifa ba ta tare zaiba. Ba ta tare dalma. Kin manta Zamfara a 2010? Yara fiye da 400 gubar dalma ta kashe a yankin Anka da Bukkuyum. Dalma takan ɓuya a ƙashi shekara da shekaru, sai ciki ya shiga ta fito ta bi jini. In aikinki ya haɗa ki da ƙurar ma'adini, irin wanda ake haƙowa a Riruwai, ki nemi a auna jininki.

Duba jikinki. Kanki na sarawa a wurin aiki, ya sake ki ran Asabar? Jiri fa? Maƙogwaro na ƙaiƙayi? Kada ki ɗora komai a kan laulayi. Laulayi ba ya bin ranakun aiki. In kin ga ɗigon jini, wuce asibiti nan take, ki faɗa musu abin da kike taɓawa.

Kada ki zuƙi komai da baki. Kada ki ci, kada ki sha a ɗakin, ko ruwan leda ne. Sa safar hannu, ki canza ta in ta jiƙe. Takunkumin likita ba ya tare tiririn sinadari, kada ya ruɗe ki. Ma'aunin zafi ya fashe? Kada ki share zaibar da tsintsiya. Buɗe taga, fita, kira wani. Rigar aiki ta kwana a wurin aiki, kada ta haɗu da wankin yara. Ke ma mai sayar da maganin feshi a kasuwa, wannan magana taki ce.

Ranka ya daɗe, shugaban sashe: in ta sanar da kai, rufa mata asiri, ka mayar da ita kan rajista ko wani aikin da babu tiriri. Kada ka taɓa albashinta. In tsoron rasa aiki ya sa ta yi shiru, alhakin a kan wa?

Maigida, kai ma tambaye ta me take shaƙa.

'Yar'uwa, ba sai duniya ta ji ba. Mutum ɗaya ya isa, wanda ke raba aiki. In bakinki ya yi nauyi, rubuta a takarda, ko ki aiki wata babbar ma'aikaciya. Ki je awo da sunayen sinadaran a rubuce. Gobe da safe, kafin ki sa farar riga, ki faɗa.