Daga Hoto Zuwa Umarni: Koyar da Rubutun Yadda Ake Yin Abu

Ka ce wa ɗalibar aji huɗu a sakandare ta rubuta yadda ake ƙosai, sai ta rubuta: "A jiƙa wake, a markaɗa, a soya." A wurinta ta gama, domin abin da ta tsallake yana cikin kanta. Wanda bai taɓa riƙe ludayi ba kuwa, a jimla ta biyu zai ɓace. Wannan ce cutar rubutun umarni: wanda ya san abu yakan manta cewa mai karatu bai sani ba. Hoto na maganinta, domin yana tilasta ido ya tsaya kan kowane mataki. Dabarar tsohuwa ce. Tun 1658 malamin nan na ƙasar Cek, Comenius, ya fitar da Orbis Pictus, littafin yara da ya haɗa zane da bayani.

Da farko malam zai tanadi hotuna shida zuwa takwas na aiki guda. Kyamarar waya ta wadatar, in babu kuma a zana a kan allo. Na ƙosai za su nuna surfen wake, wanke shi har dusa ta fita, markaɗe da albasa da attaruhu, bugun ƙullu, sakawa cikin mai, juyawa, da tsamewa.

Sannan a hargitsa hotunan, a raba ɗalibai rukuni-rukuni su jera su. A bar su su yi gardama. Wanda ya sa suya kafin bugun ƙullu, abokansa za su tambaye shi dalili, kuma a nan ne za su gane cewa jeri shi ne ƙashin bayan umarni.

Bayan haka kowane hoto a ba shi jimla ɗaya. A nan malam zai ja hankali kan sigar aikatau. Ko dai a ce "a zuba", ko "ki zuba", ko "zuba" kawai, amma wanda aka ɗauka da shi za a ƙare. A kuma nemi kalmar da ta dace daidai: surfe daban, daka daban, markaɗe daban.

Mataki na gaba ya fi kowanne muhimmanci. Malam ya tambaya: mene ne hoton bai faɗa ba? Hoto ya nuna wake, amma bai ce gwangwani nawa ba. Ya nuna mai a kasko, bai ce yaya za a san ya yi zafi ba. Sai ɗalibi ya rubuta cewa a ɗiga ƙullu kaɗan, in ya taso nan take, mai ya yi. Ya nuna hannu na bugu, bai ce ana bugun ne don iska ta shiga ƙosai ya tashi ba. Adadi, lokaci, dalili da gargaɗi, duk aikin alƙalami ne. Daga nan sai a ɗinke jimlolin da "da farko", "sannan", "da zarar", "daga ƙarshe".

A ƙarshe a kife hotunan, a kai rubutun ga wasu ɗaliban da ba su gan su ba. Ɗaya ya karanta, ɗaya ya kwaikwayi aikin, kada ya yi komai sai abin da aka rubuta. Duk inda ya tsaya yana rarraba ido, nan giɓi yake, marubuci ya koma ya cike.

Mako na gaba a sauya aiki, a kawo facin tayar keke ko ɗaura gidan sauro. Ɗalibin da ya saba da wannan ba zai sha wuyar insha'in bayani a jarrabawar WAEC ko NECO ba. Malam, gwajin guda ɗaya ne: in baƙo ya bi rubutun ya yi aikin ba tare da tambaya ba, ɗalibinka ya iya.