Gwagwarmayar Ma'aikata Mata a Koriya ta Kudu, 1970 zuwa 1979: Batun Lada da Tabbacin Aiki

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana yadda 'yan mata ma'aikatan masana'antu na Koriya ta Kudu suka tashi neman ladan da ya dace da wahalarsu, da kuma tabbacin cewa ba za a sallame su da rana tsaka ba. Za mu duba halin da suka yi aiki a ciki, sa'an nan mu kawo misalai biyu, watau masaƙar Dongil da kamfanin YH, kafin mu auna abin da gwagwarmayar ta haifar.

2.0 Halin da Ake Ciki

A zamanin mulkin Park Chung-hee, wanda ya karɓi ragama ta hanyar juyin mulki a 1961, ƙasar ta ɗora arzikinta a kan kayan da take ƙerawa ta sayar a ƙasashen waje, musamman yadi da tufafi da takalma da hular gashi. Ribar wannan ciniki kuwa ta dogara ne a kan arahar ƙwadago. Sabili da haka masu masana'antu suka fi son 'yan matan ƙauye waɗanda ba su yi aure ba, domin an ɗauka 'yan shekaru kaɗan za su yi su tafi gidan miji, ba za su tsaya jayayya ba. Da yawansu sukan yi awa 12 ko fiye a kan keken ɗinki, ladansu bai kai rabin na maza ba, kuma daga cikinsa suke aika wa iyaye, su biya wa ƙanne maza kuɗin makaranta.

Bugu da ƙari, doka ba ta bar musu ƙofa ba. A ƙarshen 1971 aka kafa dokar tsaron ƙasa wadda ta ɗaure hannun ƙungiyoyin ƙwadago wajen ciniki a kan lada da yajin aiki, a 1972 kuma tsarin mulkin Yushin ya tattara iko duka a hannun shugaban ƙasa. Tun kafin haka, a ranar 13 ga Nuwamba, 1970, wani matashin tela mai suna Jeon Tae-il ya cinna wa kansa wuta a birnin Seoul don nuna baƙin cikinsa a kan yadda ake take dokar ƙwadago a ɗakunan ɗinki. Mutuwarsa ta farkar da ɗalibai da wasu limaman coci, waɗanda suka shiga koya wa ma'aikata haƙƙoƙinsu a azuzuwan dare.

3.0 Masaƙar Dongil

A wannan masaƙa ta birnin Incheon mata ne suka fi yawa, amma maza 'yan kaɗan da ke ɗasawa da hukumar kamfani su ne ke riƙe da ƙungiya. A 1972 matan suka zaɓi 'yar'uwarsu Ju Gil-ja ta shugabanci reshen, ita ce mace ta farko da ta riƙe irin wannan muƙami a ƙasar. Daga nan aka sa su a gaba. A watan Fabrairun 1978, ranar da za a yi zaɓen ƙungiya, wasu ma'aikata maza suka watsa musu kashi, jami'an tsaro na kallo. Bayan 'yan makonni aka kori 124 daga cikinsu, aka rarraba sunayensu ga sauran masana'antu don kada kowa ya ɗauke su.

Abin lura a nan shi ne, rigimar ba ta tsaya a kan yawan lada kaɗai ba. Tushenta shi ne wane ne zai yi magana da yawun ma'aikata, domin wanda ya riƙe ƙungiya shi ke yanka lada.

4.0 Kamfanin YH

An kafa wannan kamfani a 1966 don yin hular gashi da ake kai wa Amurka, ya bunƙasa har ya ɗauki dubban ma'aikata. Daga baya kasuwar ta ja baya, mai kamfanin ya koma Amurka da zama, bashi ya yi katutu. Matan sun kafa ƙungiyarsu a 1975. A 1979, shekarar da farashin man fetur ya sake tashi a duniya, kayan masarufi suka yi tsada, sai kamfanin ya ba da sanarwar rufewa. Ga 'yan matan, wannan gobara biyu ce, gama da yawansu a ɗakunan kwanan kamfanin suke zaune: in aiki ya tafi, makwanci da abinci sun tafi.

Da suka ga ba mai sauraron kukansu, ranar 9 ga Agusta fiye da 170 daga cikinsu suka shiga hedkwatar babbar jam'iyyar adawa a Seoul suka yi zaman dirshan, shugabanta Kim Young-sam ya karɓe su. Da tsakar daren 11 ga wata 'yan sanda fiye da 1,000 suka afka cikin ginin, suka yi ta dukan ma'aikata da 'yan majalisa da 'yan jarida. Wata ma'aikaciya mai shekara 21, Kim Kyung-sook, ta rasa ranta. Hukuma ta ce ita ta kashe kanta, amma a 2008 hukumar bin diddigin gaskiya da sulhu ta ƙasar ta tabbatar cewa ƙarfin da 'yan sanda suka yi amfani da shi ne sanadin ajalinta.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. Ranar 4 ga Oktoba aka kori Kim Young-sam daga majalisa. A tsakiyar watan bore ya ɓarke a biranen Busan da Masan, ranar 26 ga wata kuma shugaban hukumar leƙen asiri, Kim Jae-gyu, ya harbe Park. Ba mu ce 'yan matan YH kaɗai suka kayar da gwamnati ba, gama akwai tsadar rayuwa da saɓani a fadar mulki. Sai dai zamansu shi ne ƙyastun da ya faɗa cikin busasshiyar ciyawa.

5.0 Kammalawa

In muka auna da ma'aunin nan take, matan Dongil da na YH ba su ci nasara ba: an kore su, kamfanin YH bai sake buɗewa ba. Amma dokar mafi ƙarancin lada ta 1986, da dokar daidaita maza da mata wajen aiki ta 1987, sun amsa wani ɓangare na buƙatun da suka daɗe suna nema, ko da yake matsin tattalin arziki na 1997 ya sake tura mata da yawa aikin wucin gadi. Darasin da muke ɗauka shi ne, a lokacin tsanani wanda aka ɗauka da araha shi ake fara sallama, kuma ƙarin lada ba ya ɗorewa in babu ƙungiyar da ma'aikata da kansu suka zaɓi shugabanninta.