Me 1/24 ke nufi a kwalin ƙaramar motar roba?

Idan ka taɓa ganin kwalin motar roba irin wadda ake harhaɗa ɓangarorinta da hannu, wataƙila ka lura da lambar 1/24 a jikinsa. Kamfanonin Japan irin su Tamiya, Hasegawa da Aoshima, waɗanda duk suke a Shizuoka, sun yi suna a wannan sana'a. Bari mu ɗauki Toyota 2000GT, wadda aka fara sayarwa a 1967, mu ga abin da lambar ke faɗa mana.

Tsawon motar milimita 4,175 ne. Ka raba da 24, za ka samu kusan santimita 17, bai ma kai taƙi ɗaya ba. To, nauyi fa? Motar ta kai kusan kilo 1,120. Idan ka raba da 24 za ka samu kilo 47, kusan buhun siminti ke nan a tafin hannu! Lissafin bai tafi daidai ba, domin ba tsawo kaɗai aka rage ba, har da faɗi da tsayi. Sai dai a raba da 24 sau 24 sau 24, wato 13,824. Amsar ita ce kusan giram 81, ko nauyin wayarka bai kai ba.

Amma akwai inda masu ƙira suke kauce wa lissafin da gangan. Kaurin ƙarfen jikin mota bai cika wuce milimita 1 ba. Idan aka rage shi sau 24, zai fi silin gashi siranta. Narkakkiyar roba ba za ta bi ramin da ya yi wannan ƙunci a mazubin ƙarfe ba, don haka ake barin ta kusan milimita 1. Da za a mayar da ƙaramar motar girmanta na asali, da kaurin ƙofarta ya haura santimita 2.

Wannan lissafi ya wuce kayan wasa. Ƙarfin sanda ya dogara ne da faɗin bakinta idan an yanke ta, wanda ke raguwa sau 576 kacal, alhali nauyi ya ragu sau 13,824. Shi ya sa tururuwa ke ɗaukar abin da ya ninka nauyinta, kuma shi ya sa injiniya ba zai gwada ƙaramar gada a ɗakin bincike ya ninka awonta kawai ya ce a gina ba. Babbar tana iya ruftawa da nauyin kanta. Galileo ya bayyana wannan ƙa'ida tun a 1638.