Harshen Wuta a Goshin Gingimari: Masu Fentin Manyan Motoci a Bauchi

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Jos zuwa Bauchi da asuba ya san yadda babbar mota ke fara bayyana: kafin a ga direba, an ga adonta. Wata zaki ne a bayanta, wata mikiya, wata dabino da masallaci, a sama kuma an rubuta "Haƙuri maganin zaman duniya". A cikin waɗannan zane-zane akwai wanda ya fi ɗaukar ido, wato harshen wuta da ke tasowa daga goshin mota ya kwanta a kan ƙofofinta.

Bauchi ba baƙuwa ba ce a harkar manyan motoci. A ƙarshen shekarun 1970 Gwamnatin Tarayya ta haɗa gwiwa da kamfanin Steyr na ƙasar Ostiriya aka kafa masana'antar haɗa manyan motoci da taraktoci a garin, ɗaya daga cikin shida irinta, tare da na Kano, Kaduna, Ibadan, Enugu da Legas. Masana'antar ta daɗe da ja baya, amma garin yana nan a mahaɗar hanyoyin Jos, Kano, Gombe da Maiduguri, kuma inda motoci ke yada zango, nan kanikawa da masu walda da masu fenti ke kafa rumfa.

Salon harshen wuta ya yi suna ne a Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1950, a jikin ƙananan motocin samari masu son gudu. Da ya iso nan, ya tarar da tsohuwar al'adar ƙawata bodin katako, sai ya zauna cikinta.

Aikin ba na gaggawa ba ne. Mai fenti zai fara kankare tsatsa, ya cike lotsawa, ya goge har jikin ya yi sumul, sannan ya shimfiɗa fentin ƙasa. Bayan ya bushe sai ya zana siffar wutar da alli, ya bi layin da siririn tef, ya rufe sauran jikin da takarda. Daga nan sai feshi: fari ko ruwan ɗorawa a gindi, ruwan lemo a tsakiya, ja a bakin harsunan, kowane launi yana narkewa cikin na gaba. Gwaninta tana bayyana a wurare biyu: dacewar ɓangaren dama da na hagu, da layin ƙarshe da ake ja da burushi, hannu ɗaya ba gyara. Babban abokin gabar aikin shi ne ƙurar hunturu, domin ƙwaya kaɗan a kan ɗanyen fenti ta isa ta ɓata wahalar yini guda.

Yau sana'ar tana cikin matsi. Fenti da sinadarin tsinka shi sun yi tsada tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023, ga kuma sitika da kwamfuta ke bugawa, wadda ake mannawa cikin sa'o'i. Yaron da a da zai shekara yana wanke burushi kafin maigidansa ya bar shi ya ja layi, yanzu yana tambayar kansa ko koyon zai biya.

Sai dai akwai wata wutar da ba ado ba ce. A jikin tankar mai, alamar duniya ita ce jan murabba'i tsaye a kan kusurwarsa, da hoton harshen wuta da lamba 3, ma'ana ruwa mai saurin kamawa. Bayan abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa a Oktoban 2024, inda mutum fiye da 150 suka rasu, da na mahaɗar Dikko ta Jihar Neja a Janairun 2025, babu mai ɗaukar wannan alama da wasa. Adon da ya rufe ta, ko ya danne tef mai ƙyalli da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke buƙata a jikin manyan motoci, ya zama haɗari.

A nan ne ma'aikacin da ke rubuta ƙa'ida a Abuja yake da abin lura. Mai fenti shi ne hannu na ƙarshe da ke taɓa jikin mota kafin ta hau titi. Idan aka koya masa inda alamar gargaɗi take zama da girman da ya kamace ta, zai kiyaye ta a kowace motar da ta shiga rumfarsa, a wuraren da jami'i ba ya kaiwa. Takardar umarni kan tsaya a ofis. Burushinsa kuwa yana zuwa har Maiduguri.